Ajin Asabar na Tambayoyin Lissafi da Taurari a Jos

Wata uku ke nan ina kai 'yata mai shekara 11 wani aji da ake yi kowace Asabar bayan La'asar a wata makaranta da ke kusa da titin Bauchi a Jos, inda wani malamin kimiyya da ya yi ritaya yake amsa tambayoyin yara kan lissafi da fiziks da ilimin taurari. Dalilin da ya sa na nemi wurin shi ne tambayar da ta yi mini a daren da ake jiran sanarwar ganin watan Ramadan: "Baba, me ya sa wani wata yake kwana 29, wani kuma 30?" Na ce mata haka Allah ya tsara, amma na ga alamar tana son ta san yadda tsarin yake.

Ajin ba shi da manhaja. Kowane yaro yana rubuta tambayarsa a takarda ya jefa cikin gwangwani, malam kuma ya zaro ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka zaro tata, sai ya sa aka rufe tagogi, ya kunna tocila a matsayin rana, ya ba ta lemo ta riƙe a gabanta tana juyawa a hankali, har ta ga da idonta yadda hasken da ke jikin lemon yake farawa siriri kamar jinjirin wata, ya cika, sannan ya koma yana raguwa. Daga nan ya bayyana cewa daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kusan kwana 29 da rabi ne, kuma tun da ba a ƙirga rabin kwana, dole wani wata ya zama 29 wani 30. Ya bar su suka ninka kwana 29 da rabi sau 12 da kansu suka samu 354, suka kwatanta da kwana 365 na shekarar Miladiyya, suka gane dalilin da ya sa azumi yake matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Wannan salon nasa na barin yaro ya kai ga amsar da hannunsa shi ne abin da ya fi burge ni a wurin.

Wata rana kuma ya zo da buta da ma'aunin zafi, ruwa ya tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100 da ke cikin littafi, ya ce tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200, don haka nauyin iskar da ke danne ruwan bai kai na bakin teku ba. Da yamma ta yi, yakan fito da na'urar hangen nesa. A nan ne 'yata ta ga Zara, wadda muke kira matar wata, ta kuma ji cewa duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, hasken rana take haskawa da shi.

Akwai gyara. Na'urar ɗaya ce tak, yara kuwa sun yi yawa, kowa leƙe ɗaya yake samu kafin a kira sallar Magariba, kuma a makonnin da hazo ya rufe gari ba a ga komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne da an shiga lissafi zalla sai malam ya koma Turanci, ƙananan yaran su yi shiru. Na yi masa magana cikin ladabi, ya karɓa, ya ce zai riƙa maimaitawa da Hausa.

Kuɗin da ake biya bai kai na malamin lesin na gida ba, kuma na riga na biya na zango mai zuwa, domin tambayarta kan yadda aka auna nisan kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana tana nan cikin gwangwani ba a zaro ta ba tukuna.