Sharhi: Kulob ɗin Tseren Mota na 'Yan Sha'awa a Ingila, Ko Ya Ci Kuɗinsa?

Duk uban da ke zaune a Ingila kuma Allah ya ba shi yaro mai ƙulafucin mota ya san damuwar. Doka ba ta yarda yaro ya hau titi da mota sai ya cika shekara 17. Tseren ƙananan motocin kat, wanda zakaran tseren mota Lewis Hamilton ya fara da shi yana ɗan shekara takwas, in aka shige shi da gaske sai ya cinye albashi har ya taɓa na gaba. Shi ya sa na yi wa kaina da ɗana mai shekara 15 rajista a wani kulob na 'yan sha'awa da ke kusa da garinmu. Mun sha rana da su, mun sha sanyi da su, yanzu ina da bakin magana.

Irin waɗannan kulob-kulob suna da ɗaruruwa a Birtaniya, kuma suna ƙarƙashin Motorsport UK, hukumar da ke kula da wasan, wadda ta koma wannan suna a 2018. Abu biyu hukumar ta yi da suka sauƙaƙa wa talaka shiga. Akwai lasisin shiga gasa na RS Clubman, wanda kyauta ne, ta intanet ake cike takardarsa. Akwai kuma shirin StreetCar da ta ƙaddamar a 2022, wanda ya tattara wasannin da mutum zai yi da motar da yake zuwa kasuwa da ita. Kuɗin zama ɗan kulob na shekara da kuɗin shiga gasar yini guda, in ka haɗa su, ba su kai abin da nake cika tanki da shi ba. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Gasar da muka fi shiga ita ce AutoSOLO. Ana samun fili mai kwalta, wani lokaci tsohon filin jirgin sama, wani lokaci wurin ajiye motocin wata kasuwar dabbobi ranar da ba ta ci. A jera robobi masu tsini irin na masu gyaran titi, a liƙa musu lambobi, a ba ka taswirar hanyar da za ka bi a tsakaninsu. Mota ɗai-ɗai ke shiga, agogo ne abokin takararka. Ba a komawa da baya, da wuya ka wuce giya ta biyu, ba kuma a buƙatar hular kwano. Ka taɓa roba, a ƙara maka sakan biyar. Ka ɓata hanya, wannan zagayen ya tafi a banza. Sharaɗin shi ne motar ta cika ƙa'idar hawa titi, da inshora da takardar gwajin lafiya. Yaro daga shekara 14 yana iya tuƙi matuƙar akwai babba a gefensa. Abin da za ka fi gani a filin tsofaffin Nissan Micra ne da Ford Fiesta da Mazda MX-5, kuma sau da yawa mai Micra ne ke kunyata mai motar tsada, don wurin ba na ƙarfin inji ba ne, na hannu ne da kwanyar riƙe hanya.

Abin da ya fi burge ni ba tuƙin ba ne, yadda ake raba aikin yinin ne. Ana kasa masu gasa gida-gida: wasu na tuƙi, wasu na tsaye a fili suna lura da robobi, wasu na hutawa, sai a juya. Babu wanda ya fi ƙarfin tsayuwa. Likita ne kai ko ɗan makaranta, in lokacinka ya yi za ka sa rigar nan mai walƙiya ka je ka tayar da robar da wani ya ture. Gayya ce sosai irin ta noma, yau a gonarka gobe a tawa. Wannan tsarin ne ya sa ɗana ya saba da mutane tun yinin farko. An haɗa shi da wani dattijo mai furfura, tsohon bakanike, wanda ya ja shi suka taka filin da ƙafa kafin a fara. A gaban roba ta bakwai dattijon ya tsaya, ya nuna masa wani ɗan tsakuwa da ya taru a gefe, ya ce nan tayar gaba za ta zame in ya shigo da gudu, ya taka birki tun kafin ya karya sitiyari, idonsa kuma ya kasance a kan robar da ke gaba, ba wadda yake kewayawa ba. Da yaron ya gama zagayensa, hannunsa na rawa a kan sitiyari, ya juyo ya ce, "Abba, ka ga ban taɓa ko ɗaya ba?" Dattijon na can nesa ya ɗaga masa babban yatsa. Babu tallar Facebook da za ta yi wannan aikin.

To amma akwai inda gizo ke saƙa, kuma a nan zan daɗe. Kulob ɗin na kukan matasa ba sa zuwa, alhali duk wata shawara a mashaya ake yanke ta. Taron wata-wata da daddare ake yi, a ɗakin baya na wata mashaya da ke bayan gari, tsakiyar mako. Yaron da ke da makaranta washegari ba zai je ba, wanda ba shi da mota ba zai kai ba, ni kuma a matsayina na Musulmi ba wurin zamana ba ne, balle in ja ɗana. Na faɗa wa sakataren haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya saurara da mutunci, ya ce haka suka tarar. Wannan amsar, "haka muka tarar", na ji ta kan abubuwa da yawa: kan mujallar kulob da har yanzu ake tura wa wasu ta gidan waya, kan shafinsu na intanet da sai ka sha wuya kafin ka gano ranar gasa ta gaba, kan kwamitin da mutanen da ke cikinsa suke ta musayar kujeru a tsakaninsu. Ba mugunta ba ce, kuma dole a yi musu adalci: su ne ke tashi da asuba su jera robobi cikin ruwan sama ba a biyansu ko sisi. Sai dai wanda ke son a gaje shi dole ya saki wani abu tun yana da rai.

Inda suka saki, an ga amfani. Da aka miƙa wa wasu matasa biyu ragamar ɗaukar bidiyo da zauren WhatsApp, sababbin fuskoki suka fara bayyana, yawancinsu yaran da suka koyi dabarun shan kwana a wasan kwamfuta. Wasu dattawan na yi musu kallon raini, sun manta cewa direban tsere ɗan Birtaniya Jann Mardenborough daga wasan kwamfuta ya fito, ya ci GT Academy, gasar da ta riƙa mayar da 'yan wasan kwamfuta direbobin tsere, a 2011, ya kuma zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2013. 'Yan mata dai har yanzu ƙalilan ne, kuma ban ga kulob ɗin ya yi wani yunƙuri a kai ba, duk da hukumar tana da shirin Girls on Track na jawo 'yan mata cikin wasan.

Mun kuma gwada gasar dare ta motoci goma sha biyu, wadda ake yi a kan titunan ƙauye. Ni ke tuƙi, yaron na riƙe da taswirar hukumar safiyo ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, da 'yar fitila yana faɗa mini inda zan karya. Ba gudu ake nema ba, matsakaicin tafiyar ba ya wuce mil 30 a awa. Ni ba ta yi mini ba, idona ba ya son duhun waɗannan lunguna, amma shi ya ji daɗin zama mai ba uba umarni.

Tsaye a filin nan nakan tuna samarin da ke juya motoci a titi ranar ɗaurin aure a garuruwanmu, jama'a na ihu ana kauce musu. Sha'awar ɗaya ce. Bambancin fili ne da aka killace, da agogo, da babba a kujerar gefe.

Wanda zai shiga, ya sani tayoyin gaba suna cinyewa, musamman a kwalta mai kaushi, don haka kada ya je da sababbi. Ya tambayi kamfanin inshorarsa, domin inshorar titi yawanci ba ta biyan ɓarnar da ta faru a cikin gasa. Ya kwashe komai daga cikin motar, ya tafi da abincinsa da filas ɗin shayi da dardumar salla, don filayen nan ba kanti a kusa. Mu mun sabunta rajistarmu, kuma na rubuta wa kwamitin cewa a riƙa yin taro ko sau ɗaya a cikin uku a zauren unguwa ranar Asabar da rana. Sun ce za su tattauna a taro na gaba, a mashaya.