Kafin ka sayi Littafi Mai Tsarki, buɗe Markus 16

Idan karatun ibada kawai kake so, kowane bugu ya ishe ka. Amma idan kana son sanin yadda littattafai 27 na Sabon Alkawari suka haɗu da kuma waɗanda suka rubuta su, to ba kowane ne zai yi maka amfani ba.

Tun kana tsaye a shago, buɗe ƙarshen Bisharar Markus. Bugu mai kyau zai sa ƙaramin rubutu a ƙasan shafi ya ce aya 9 zuwa 20 na sura 16 ba sa cikin Sinaitikus da Batikanus, tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na huɗu. Leƙa Yahaya 7:53 zuwa 8:11 ma, labarin matar da aka kama da zina, wanda shi ma babu shi a cikinsu. Bugun da ya yi shiru a wuraren nan, mayar da shi kan kanta.

Na Hausa shi ne mafi sauƙin samu, kuma tun 1932 ake da cikakkiyar fassara. Karatunsa na shiga zuciya, sai dai ƙananan bugu na aljihu ba su cika yin bayani kan marubuta ba. King James, fassarar Turanci ta 1611, kuwa, duk da farin jininsa, an fassara shi ne daga kwafen baya-baya na Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Na Katolika yana da littattafai 73, na Furotesta 66, amma kada mai shago ya ruɗe ka: bambancin duk a Tsohon Alkawari yake, Sabon iri ɗaya ne, 27 ɗin nan da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya jera a wasiƙarsa ta shekarar 367.

Ni dai bugun nazari nake ba da shawara, mai gabatarwa a gaban kowane littafi, ko da da Turanci ne, ko da ya fi tsada. Karanta gabatarwar Ibraniyawa tukuna. Wasiƙar ba ta ambaci sunan marubucinta ba. Wanda ya ce maka kai tsaye Bulus ne ya ɓoye maka rabin zance. Na kirki zai faɗa maka cewa cikin wasiƙu 13 masu ɗauke da sunan Bulus, bakwai ne masana suka haɗu a kansu: Romawa, Korintiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta ɗaya da Filimon. Sauran ana muhawara. Wani bugun yana kare ra'ayin gargajiya, wani yana bin masana jami'a, kuma babu laifi, muddin ya kawo hujjar ɓangarorin biyu.

Na Girkanci, Nestle-Aland bugu na 28, kayan ɗaliban makarantar tauhidi ne. In ba ka fara koyon harshen ba, bar musu abinsu.