Adana irin kifi: maniyyi a daskare ko iyaye a tafki?

Mai son kare irin tarwaɗar madatsar ruwan Lagdo da ke arewacin Kamaru ko ta kogin Logone yana da zaɓi biyu: ya riƙe iyayen kifi da rai a tafki, ko ya daskarar da maniyyin mazan.

Tafki kowa ya san aikinsa, kuma yana riƙe mace da namiji. Sai dai abinci kullum ne, zafin watan Afrilu a Garwa yana rage iskar ruwa, cuta ɗaya kuma kan share komai. Iyaye kaɗan na jawo barbarar dangi, irin ya raunana.

Daskarewa ta fi son kula. Namijin tarwaɗa ba ya tatsuwa, sai an yanka shi an ciro 'ya'yan maraina. A tsane su sarai, domin ɗigon ruwa yana tayar da maniyyin, ƙarfinsa ya ƙare cikin kusan minti ɗaya. A gauraya shi da ruwan gishiri mai metanol (sinadarin da ke kare maniyyin daga lahanin sanyi) kashi 10 cikin 100, a ɗura a siraran bututu na mililita 0.5, a shanya su a tururin naitirojin kafin a nutsa su cikin ruwansa mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Wanda ya nutsa su kai tsaye, ƙanƙara za ta farfasa ƙwayoyin. Tulun ruwan naitirojin da ake ajiye su a ciki kuwa yana tsanewa a hankali. Ya ƙafe, an yi asarar komai.

Ƙwan kifi ba ya daskaruwa saboda girmansa da gwaiduwarsa, don haka ko an cika tulu da maniyyi, dole a riƙe mata a tafki.