Tashar ISU a YouTube: inda na koyi son zamiyar ƙanƙara

In kana neman inda za ka fara kallon wasan zamiya a kan ƙanƙara, irin wanda ake tsalle da juyi ana bin kiɗa, shawarata ka shiga YouTube ka nemi gasar matasa ta Junior Grand Prix da hukumar wasannin zamiyar ƙanƙara ta duniya, ISU, ke haskawa kai tsaye. Ba a biyan ko kwabo, datarka kawai. Ta nan na shiga harkar, yanzu kuwa da zarar Agusta ta ƙarato sai in fara duba jadawali.

Gasar kan fara a ƙarshen Agusta ta kai Oktoba, zagaye bakwai a ƙasashe daban-daban, sannan waɗanda suka fi maki su haɗu a Disamba. Ba a yanke kowa a haskawar. Yaron da zai zo na ƙarshe ana nuna wasansa daga farko har ƙarshe kamar na zakara, har da zamansa kusa da kocinsa yana haki yana jiran maki. Za ka ga 'yan ƙasashe masu zafi irin su Thailand, wadda ta karɓi baƙuncin gasar a Bangkok a 2023.

Abin da ya riƙe ni shi ne mai sharhin, Ted Barton, dattijo ɗan Kanada. Yakan yi shiru yayin da ɗan wasa ke kan ƙanƙara, sai an maimaito hoton a hankali ya buɗe baki. A nan zai nuna maka cewa yarinyar ta sauko kafin juyinta ya cika, ko kafaɗarta ta karkata tun kafin ta tashi, shi ya sa ta faɗi. Bai taɓa kunyata yaro ba a iya kallona. Ko wanda ya sha ƙasa sau uku sai ya nemo masa abin yabo na gaskiya, sannan ya faɗi gyaran. A bakinsa na iya bambance tsallen da ake kira axel da sauran nau'o'in tsalle biyar na wasan: a axel kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, don haka yana da ƙarin rabin juyi. Da na gane haka ne na san girman abin da Ilia Malinin na Amurka ya yi a 2022, da ya zama na farko da ya sauke axel mai juyi huɗu da rabi a gasa. Shi ma ta wannan gasar matasan ya biyo, haka Yuzuru Hanyu da ya ci zinaren Olamfik a 2014 da 2018.

A kusurwar allo akwai ɗan akwati da ke ƙirga maki yayin wasan. Kowane motsi yana da makinsa na asali, alƙalai su ƙara ko su rage tsakanin biyar sama da biyar ƙasa, faɗuwa kuma ana cire mata nata daban. Ka riƙa leƙa shi, amma kada ya ɗauke maka ido daga ƙafafun.

Wadda na fi ƙauna ita ce Mao Shimada ta Japan, zakarar matasa ta duniya a 2023 da 2024 da 2025. 'Yar ƙarama ce, amma in ta tashi axel mai juyi uku da rabi sai numfashina ya tsaya. Ya yi mini zafi da dokar da ta ce sai an cika shekara 17 kafin a shiga gasar manya ta hana ta Olamfik na 2026, ko da yake na fahimci an yi dokar ne don kare yara.

Sharhin da Turanci ne, kuma wasan rukuni ɗaya kan ɗauki sa'o'i, saboda haka yana cin data sosai. Ni nakan rage ingancin hoton, in bar mai kyau sai 'yan wasan ƙarshe sun fito. Wasu zagayen sukan faɗo tsakar dare a agogonmu, sai in kalla da safe. Maganar sutura kuma, kayan 'yan mata gajeru ne. Wanda hakan ke damunsa ya tsaya a rukunin maza, ko ya nemi wasannin Zahra Lari ta Daular Larabawa, wadda ta fara shiga gasar ƙasa da ƙasa da ɗankwalinta.