Hattara da masu kiranka da tallar wagon su sayar maka da jif marar farfela

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wannan saƙo na duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana neman motar hannu ne, musamman wanda zuciyarsa ta rabu biyu tsakanin wagon da ƙaramar jif. Akwai mutanen da suka mayar da wannan rabuwar zuciya hanyar cin abincinsu. Na faɗa hannunsu wata huɗu da suka wuce, kuma na tabbatar ba ni kaɗai suka yi wa ba, shi ya sa zan faɗi yadda suke yi dalla-dalla.

Ni wagon na fita nema. Iyali sun ƙaru, ana bukatar but mai faɗi, kuɗin kuma ba su da yawa. Na yi lissafina tun a gida: wagon ƙaramar mota ce da aka tsawaita mata baya, injinta da giyarta da ƙafafunta duk irin na 'yar'uwarta mai but ne, don haka kayan gyaranta ba sa wuyar samu, tayoyinta ƙanana ne, ba ta kuma shan mai kamar mota mai tsayi da nauyi. Bayan haka, da yake kowa jif yake so yanzu, kuɗin da zai sayo tsohuwar jif da ta sha duniya yakan sayo wagon da ta fi ta ƙuruciya. Da wannan tunanin na ci karo da talla a intanet: wagon fes, hotuna masu kyau ta kowane ɓangare, farashi ƙasa da na kasuwa amma ba sosai ba, daidai yadda mutum zai ce sa'a ce, ba zai ce ƙarya ce ba.

Na kira, aka ce in zo da yamma liƙis, wai mai motar sai lokacin yake tashi daga aiki. Da na isa, dillalin ya tare ni da fara'a ya ce, “Kai, ranka ya daɗe, ka makara da awa biyu kacal. Yanzun nan wani bawan Allah ya tafi da ita.” Kafin in juya ya riƙe hannuna. “Amma Alhaji, mutum kamarka da iyali, me za ka yi da wagon? Zo ka ga abin da ya dace da kai.” Ya kai ni gaban wata ƙaramar jif da aka wanke tana sheƙi, da tambarin 4WD, wato mai jan taya huɗu, a ƙofar baya. Ƙarin da ya nema a kan kuɗin wagon ɗin kaɗan ne. Mitar tafiyarta na nuna kilomita 96,000, motar kuwa shekararta 14. Injin yana da ɗumi tun kafin in taɓa makulli, ya ce ai yanzu aka dawo da ita daga wanki.

Muna cikin magana sai ga wani mutum da bakanikensa, suka fara zagaya motar suna yaba ta. Ya dube ni ya ce, “Malam, in ba saye za ka yi ba, don Allah ka ba mu wuri.” Bakaniken nasa ya buɗe gaban motar, ya saurari injin, ya ce wa maigidansa da ƙarfi yadda zan ji, “Wannan ko sukurudireba ba ta taɓa gani ba.” Dillalin ya ja ni gefe ya ce shi da ni ya fara magana, ba zai ci amanata ba, in ajiye kafin alƙalami yanzu, gobe in cika. Duhu ya riga ya fara. Muka ɗan zagaya da ita a kan kwalta na minti biyar, lafiya lau. Na biya.

Sati uku bayan haka aka yi ruwa, na hau wata 'yar gangara mai taɓo, tayoyin gaba suka yi ta juyawa a wuri guda, na baya kuwa ko motsi. Washegari na kai ta gun bakaniken da na sani. Yana shiga ramin gareji ya kira ni: “Maigida, sauko ka gani da idonka.” Dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, wato farfela, babu shi kwata-kwata. Ramukan notinansa ne kawai suka rage, sun yi tsatsa, alamar an daɗe da cire shi.

A nan ne dabarar take, kuma ya kamata kowa ya fahimce ta. Ƙananan jif, tun daga irin su Toyota RAV4 da ta fito a 1994 da Honda CR-V a 1995, ba a kan shasin manyan motocin daji aka gina su ba. Asalinsu ƙananan motoci ne da aka ɗaga sama. A da yawa daga cikinsu tayoyin gaba ne ke jan motar kullum, sai sun fara sulɓi ake tura wani kaso na ƙarfin zuwa baya. To idan aksul ɗin baya, wato sashen da ke juya tayoyin baya, ya lalace ya fara kuka, gyaransa tsada gare shi, sai macuci ya kwance farfelar ya ajiye. Kukan ya ɗauke, motar na tafiya a kan kwalta kamar babu abin da ya same ta, shi kuma ya karɓi kuɗin mota mai jan taya huɗu. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da wannan: akwai ƙananan jif da tun daga masana'anta masu jan gaba ne zalla, sai a sayo tambarin jan taya huɗu, 4WD ko AWD, a manna da gam. Laifin ba na motocin ba ne, motoci ne masu kyau in an kula da su. Laifin na mai ɓoye ciwon ne.

Bakaniken ya nuna mini abin da yake zaton ya kashe aksul ɗin: tayoyin huɗu ba irin juna ba ne, biyu sun fi biyu girma. Mota mai jan taya huɗu tana bukatar tayoyi masu girma ɗaya da cinyewa kusan ɗaya, in ba haka ba na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta yi ta aiki babu hutu har ta ƙone. Wannan kashe kuɗi ne da mai ƙaramin ƙarfi ba ya sa wa a lissafi. Ya kuma koya mini karanta shekarun taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019.

Sai ya ce in murɗa makulli sau ɗaya kada in tayar da injin. A wannan matakin duk fitilun gargaɗi na dashbod ya kamata su kama, sa'an nan su mutu, ta jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari) bayan 'yan daƙiƙu, ta inji bayan ya tashi. A tawa, ta inji da ta jakar iska da ta 4WD ba su kama ba ko sau ɗaya. Da aka buɗe, an liƙe su da baƙin tef daga ciki. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, domin sati uku ina ɗaukar 'ya'yana a motar da jakar iskarta ba ta aiki. Gwajin da ba ya cin minti ɗaya ne, kuma da na san shi da ban biya ko sisi ba.

Mitar ma ƙarya ce. Mitocin zamani lamba ce da ke ajiye a ƙwaƙwalwar lantarki, mai na'ura yana iya sake rubuta ta. Abin da ba sa iya gyarawa cikin sauƙi shi ne jikin motar: robar fedar burki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa. Motar gida takan yi wajen kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara, to ka raba abin da mita ta nuna da shekarun motar. Tawa ba ta kai 7,000 a shekara ba, kuma ban tambayi dalili ba. A kula kuma ko mitar da mil take ƙirga, domin mil 100,000 kilomita 160,000 ne da ɗoriya.

Da aka jona mata kwamfuta, matsaloli suka yi ta fitowa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod da ake kira OBD-II, inda ake jona kwamfutar. Masu wayo sukan goge bayanan matsala kafin ka iso, amma gogewar tana barin sawu: na'urar za ta nuna cewa gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta ba su kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Idan ka ga haka, ko an cire batir ne kwanan nan ko an share wani abu, ka nemi bayani kuma ka tuƙa ta sosai a sake jonawa. Shi kuma ɗumin injin da na tarar, don kada in ji ƙarar da yake yi da hayaƙin da yake fitarwa in an tayar da shi da sanyi ne.

Na koma wurin. Dillalin ya ce shi ɗan tsakani ne kawai, mai motar ya yi tafiya, ya kuma nuna mini layin da ke ƙasan rasiɗin cewa na saya ne yadda na gani. Abin da ya tabbatar mini shiri ne, ba tsautsayi ba, shi ne tallar wagon ɗin nan tana nan a intanet, hotuna iri ɗaya, lambar waya daban. Wani abokin aikina ya kira don mu gwada. Aka ce ya zo da yamma. Aka ce ya makara da awa biyu. Aka kai shi gaban wata jif, kuma mutumin nan da bakanikensa suka sake bayyana, har da maganar sukurudireba. Wagon ɗin ba ta taɓa zama tasu ba, ƙugiya ce kawai.

Kada wani ya ɗauka cewa nake wagon ba ta da nata ha'incin. Da yawa daga cikin irin su Volkswagen Passat, Skoda Octavia, Toyota Avensis da Volvo V70 sun yi aikin kamfani ko tasi ko jan tirela kafin su shigo kasuwar hannu, kuma mitarsu na cikin waɗanda ake juyawa. Ka duba ko bayan motar ya zauna ƙasa, ko akwai ramukan ƙarfen jan tirela da aka cire, ka ɗaga kafet ɗin but ka leƙa ramin safaya. Laka, tsatsa ko warin rima a wurin alama ce ta motar da ambaliya ta ci. Ba kuma cewa nake jif ba ta da amfani ba. Tsayinta daga ƙasa yakan kai wajen santimita 20, yawancin wagon kuwa ba su wuce 14 ko 15 ba, kuma wanda hanyarsa ramuka ce da yashi ya san darajar wannan bambanci. Amma in kwalta kake bi kullum, kana biyan kuɗin manyan tayoyi da ƙarin mai da aksul na biyu ne a kan abin da ba ka amfani da shi.

Ko wacce ka zaɓa, ka je da safe, da bakaniken da kai ka ɗauko, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. A hau da ita rami ko a ɗaga ta, ka ga farfela da idonka. Ka gwada lambar shasi ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda. Tun 1981 baƙaƙe da lambobi 17 ne a yawancin motoci, babu I, O ko Q a ciki, in ban da waɗanda aka ƙera don cikin Japan, masu gajeriyar lamba. Idan aka ce wadda ka zo gani an sayar, ka yi sallama ka tafi, kada ka tsaya kallon wata. Idan wani mai saye ya faɗo kuna tsakiyar ciniki, ka bar masa.

Na kai ƙara da rasiɗina da hotunan ƙarƙashin motar, abokin aikina ya yarda zai ba da shaida, mun kuma kai rahoton tallar ga shafin da ke ɗauke da ita. An sauke ta kwana biyu. Jiya da dare na sake ganinta, wagon ɗin nan mai launin toka, an canja lambar waya karo na uku.