Wata uku da na'urar ɗaurin goshi: tana koyar da natsuwa, amma ba ta maye gurbin magani

Na'urar da nake magana a kai, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, irin wadda ake oda daga waje ce ta intanet, kuɗinta ya haura dala 200 kafin a zo ga na kawowa. Kamar rabin zobe take, ta kwanta a goshi, ƙafafunta biyu su sauka bayan kunnuwa irin na tabarau. Wata uku na yi ina aiki da ita a nan Kaduna, daga tsakiyar hunturu zuwa shigowar bazara, zaman minti 10 zuwa 15 kusan kullum. Masu tallarta a WhatsApp cewa suke tana "daidaita sinadaran ƙwaƙwalwa" har mutum ya ajiye magani, kuma a kan wannan iƙirarin na auna ta.

Bakunan awo huɗu gare ta, biyu a gefen goshi, biyu a bayan kunnuwa, sai na tsakiyar goshi da ake gwada sauran da shi. Abin da suke tsinta 'yar wutar lantarki ce da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, wadda in ta iso fata ba ta wuce kashi 10 zuwa 100 cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, kai ka ga tazarar. Shi ne awon da likitoci ke kira EEG, wanda wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara ɗauka a jikin ɗan'adam a 1924. Igiyar da ke kaɗawa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ana ce mata tita, tana yawaita lokacin gyangyaɗi. Sau 8 zuwa 12 alfa ce, ta mutumin da ya rufe ido ya saki jiki yana farke. Daga 13 zuwa 30 bita, ta mai lissafi ko mai zullumi.

Yadda zaman yake babu wuya. Ka haɗa ta da waya ta bulutut, ka sa iyafis, manhajar ta ɗauki kamar minti ɗaya tana auna yanayin da ta same ka a ciki. Daga nan sai ka ji ƙarar ruwan sama da iska. In hankali ya tafi yawo hadarin ya taso, in ya dawo kan numfashi ruwan ya koma yayyafi, in natsuwar ta ɗore ka ji kukan tsuntsaye. Wannan shi ne duk abin da ake kira niyurofidbak: ƙwaƙwalwa ta ji sakamakon abin da take yi nan take, ta riƙa gyarawa.

Wahalar tana wajen kama fata, kuma yanayin garinmu bai taimaka ba. Da hunturu fata ta bushe ƙamas, sai manhajar ta yi ta nuna bakin awo ɗaya ko biyu bai kama ba, ka ɓata minti biyar kana murza abu a goshi. Basilin da man kaɗanya da muke shafawa don kaucewa kaushi su ne babban cikas, domin mai ba ya barin lantarki ya wuce. A wanke goshi da bayan kunne da sabulu, a bar ɗan danshi. Lokacin da ya fi dacewa, a abin da na gani, shi ne bayan alwala kafin fuska ta gama bushewa. Cikin daƙiƙa 20 duka huɗun sukan kama. Mai tabon salla mai kauri ya ɗan ɗaga ta sama ko ya sauke ta ƙasa da tabon, saboda daidai nan bakin tsakiya yake zama, in kuwa shi bai kama ba sauran ma duk sun lalace. A cire hula da tabarau. Mata su ja ɗankwali baya, kuma kada silin gashi ko jelar kitso ta shiga tsakanin robar da fatar bayan kunne. Da bazara ta shigo matsalar ta juya: zufa kaɗan tana taimakawa, amma in ta fara tsatsafowa sai layin awon da ke fitowa a waya ya riƙa lilo sama da ƙasa, na'urar kuma ta dinga zamewa.

Sai lantarkin gida. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma jikin mutum yana tsintar ta kamar eriya. Zama kusa da inbata, ko jingina da bangon da wayoyi suka bi, ko riƙe wayar hannu tana caji, duk suna cika awon da hayaniya. A matsa kamar taku uku daga soket, a zare waya daga caji. Abin dariya, zaman da ya fi fita tsaf shi ne na lokacin da aka ɗauke wuta, kafin maƙwabta su tayar da janareta.

Akwai wani gwaji da ya kamata duk mai na'urar ya yi tun ranar farko. Ka rufe ido ka dantse haƙora kaɗan: nan take hadari zai taso. Sannan ka saki muƙamuƙi da goshi sakayau, ka shiga lissafin bashin da ake bin ka a zuci. Sau da yawa ruwan lafawa yake yi, har tsuntsu ya yi kuka. Dalili shi ne lantarkin tsokar fuska ya ninka na ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba, ƙiftawar ido ɗaya ma tana binne igiyar goshi. Ga shi kuma alfa a ƙeya ta fi fitowa, inda na'urar ba ta da bakin awo ko ɗaya. Saboda haka wani kaso na makin "natsuwa" da take bayarwa makin sakin fuska ne. Mai cin goro ko cingam kada ma ya ɓata batiri.

Duk da haka ba na ce ba ta da amfani ba. Mutumin da aka ce wa ya zauna ya bi numfashinsa, minti biyu ya gaji, wannan ƙarar ruwan tana riƙe shi har minti goma. Tana kama ka daidai lokacin da hankali ya zame, abin da kai kanka sai daga baya kake lura. Zuwa mako na uku ko na huɗu jiki yakan gane hanyar: a sauke kafaɗa, a ja numfashi daƙiƙa huɗu, a sake shi a shida. Da zarar an iya wannan, buƙatar na'urar ta ragu ƙwarai, wanda ba abin da kamfani zai so ji ba ne tunda wasu darussan sai an biya kuɗin wata-wata.

Batun sinadarai kuwa, a nan tallar ta saki hanya. Na'urar ba ta auna sirotonin, ba ta auna dofamin, babu ma wani abin ɗaurawa a goshi da ke yin haka. Ita kanta maganar cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kawai ta yi rauni. Wani babban nazari da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka fitar a 2022 bai sami tabbatacciyar hujja a kanta ba. Masu talla sun cafke wannan, suna cewa ai magani ƙarya ne. Ba su faɗin cewa a 2018 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 522 kan magungunan damuwa 21, kuma dukansu sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki, ko da ratar wasu ba ta da yawa. Rashin gane duk yadda magani ke aiki daban, rashin aikinsa daban.

Shi kuma niyurofidbak ba sabo ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 Barry Sterman ya horar da kyanwoyi da shi a Amurka, daga baya Joel Lubar ya gwada shi kan yara masu rawar kai da kasa tattara hankali. Matsalar tana fitowa ne in aka gwada shi da na bogi, wato a ɗaura wa mutum waya amma ƙarar da yake ji ba daga ƙwaƙwalwarsa take ba. A 2017 an yi irin wannan a Jamus kan manya masu waccan lalurar, zama 30, kuma na gaske bai fi na bogi ba. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi. A shekarar dai an samu irin wannan sakamako a Ostiriya kan masu rashin barci. Waɗannan kuma da kayan asibiti aka yi, da ƙwararre a gefe, ba da abin goshi mai baki huɗu ba.

Inda abin yake zama haɗari shi ne a ce wa mai shan magani ya daina. Wanda ke kan maganin damuwa irin fluoxetine, sertraline ko amitriptyline, maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, to a wannan tsakanin ne mutane ke karaya su kama wata hanya. In an yanke shi lokaci guda, musamman sertraline da amitriptyline, jiri, tashin zuciya, rashin barci, saurin fushi da wani jin fizgar lantarki a ka suna iya biyo baya, sai mutum ya ɗauka sabon ciwo ne. Wanda ya daɗe yana shan diazepam in ya tsaya kwatsam yana iya faɗuwa da jijjiga. Haka mai farfaɗiya da ke kan carbamazepine ko sodium valproate. Mai jin muryoyi ko mai zargin ana bin sa da aka daidaita da haloperidol ko olanzapine, ciwon yakan dawo bayan makonni ko watanni, lokacin da gida suka riga suka yi hamdala cewa ya warke. In za a rage, likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan.

Kada kuma a ɗauki zanen da ke fitowa a waya a matsayin gwajin farfaɗiya. Na asibiti bakunan awo wajen 20 ake jerawa a duk kai, da man da ke sa su kama, sannan wanda ya karanci abin ya fassara.

Wa zan ce ya saya? Mai lafiya da aiki ya yi wa yawa, ko mai ɗan zullumi da ke son koyon natsuwa, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ba. Maki uku cikin biyar zan ba ta a wannan. Wanda baƙin ciki ya danne shi sama da mako biyu, ya daina cin abinci, ya daina fita, ko ya fara maganar gara mutuwa, da kuɗin nan a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko asibitin Barau Dikko, ko na Shika in Zariya ta fi kusa. In yana son ci gaba da na'urar tare da magani, ya tafi da ita ya nuna wa likitan, da fakitin duk abin da yake sha, har da na gargajiya.