Sharhi kan htop wajen lura da aikin CPU a sabar kamfani

Ina amfani da htop, manhajar da ke nuna yadda kwamfuta ke aiki a kan allo, a kan sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ta Linux da ke ɗauke da rumbun bayanan kamfaninmu, kuma gaskiya ta yi mini. Kyauta ce, ba ta da nauyi, Hisham Muhammad ne ya fara rubuta ta a 2004. Da ka buɗe ta, kowace cibiyar CPU (CPU ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, cibiyoyi, wato cores, su ne sassanta masu aiki) na da sandarta mai nuna yawan aikinta: kore aikin manhajoji ne, ja kuma aikin tsarin Linux kansa. Idan ka ga wata manhaja ta ci kashi 250 cikin ɗari, kada hankalinka ya tashi, kowace cibiya ɗari ake lissafa mata, wato tana amfani da biyu da rabi ke nan.

Inda na fi cin moriyarta shi ne lambobi ukun nan na Load average, matsakaicin layin ayyuka na minti 1, 5 da 15. Ba su da ma'ana sai ka gwada su da yawan cibiyoyi. Lamba 4 a sabar mai cibiya 8 hutu ne, amma a mai cibiya 2 ayyuka sun yi cunkoso. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: Linux na ƙirga har ayyukan da suka tsaya jiran faifan ajiya. Shi ya sa za ka tarar da lodi ya hau sama, ma'aikata na kukan komai ya yi sanyi, sandunan kuwa kusan babu komai. Sayen CPU mai ƙarfi a wannan hali asarar kuɗi ce, faifan ne ya gaza.

Don haka shawarata, ranar farko ka danna maɓallin F2 ka shiga saituna, ka kunna Detailed CPU time, wanda ke rarraba lokacin CPU dalla-dalla. Kafin ka kunna, lokacin jiran faifai yana shigewa cikin lokacin hutu. Bayan haka zai fito daban, haka ma steal, lokacin da sabar haya ta gajimare (cloud, wadda ake haya ta intanet) ke jira domin wasu masu haya sun riƙe injin. Da so samu ne, a kunne za ta zo.

Iyakarta ɗaya: yanzu kawai take nunawa. Abin da ya faru ƙarfe biyun dare ba ta ajiye shi, sai na haɗa ta da sar, wani umarni na kunshin manhajojin sysstat, wanda ke adana tarihin kowace rana.